Jawabin Kwamitin Kiwo a Ranar Bikin Ƙungiya: Kazar da Muka Jefar a Juji



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, wakilin Mai Girma Hakimi, mazajenmu da suka daure suka zauna a bayan rumfa, 'yan uwa mata da 'ya'yanmu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda aka fara tafiyar nan da su amma yau ba sa cikinmu.

An ba mu, mu 'yan kwamitin kiwo, ɗan lokaci mu yi magana, kuma Ma'ajiya ta ja mana kunne cewa shinkafa tana kan wuta. To za mu yi ƙoƙari. Amma ku yi mana haƙuri, don maganar da muka zo da ita ta shafi kuɗin asusu, kuma yau za mu nemi ku ɗaga hannu a kanta.

Duk wadda ke nan ta san abin da ya same mu a hunturun da ya wuce. Ka kwanta da kaji lafiya, ka wayi gari ka ga ɗaya ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa mayafi, tana gyangyaɗi, kashinta kore. Kafin kwana uku wata ta murɗe wuya tana kallon sama. Kafin mako akurki ya zama kango. Wasu cikinmu da kajin nan suke zuba adashi, wasu da su suke sayen littafin makaranta, wata kuma tana tara su ne ta sayar ta sayi 'yar akuya. Da watan biyan rance ya zo, a nan ɗakin taro muka ga manyan mata suna sunkuyar da kai. Ba wanda ya ci kuɗin ƙungiya. Kuɗin ya mutu ne a akurki.

Mu ma 'yan kwamiti ba mu fita ba, kuma laifinmu ya fi na kowa, tun da mu aka ɗora wa amanar. Abin da muka sani shi muka yi. Muka fasa kafso ja da yalo a ruwan shansu, muka jiƙa barkono, wata ta ce toka, wata ta ce maɗaci. Wadda ta mutu muka kama ƙafarta muka wurga juji, karnuka da yara suka ƙarasa aikin. Wadda ta fara layi kuma aka ce maza a sa mata wuƙa kada a yi asara biyu.

Sai da komai ya lafa muka je wurin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, muka zayyana masa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “To Hajiya, ina gawar?” Muka kalli juna. Gawar me? Ya ce ta kazar. Wallahi dariya muka yi, har da tafa hannu. Wa ya taɓa jin an kai mushen kaza asibiti? Shi ko bai yi dariya ba. Ya ce da mun kawo masa ko guda ɗaya tun ranar farko, da ya ɗebi abin da zai ɗiba ya aika Vom, kuma da wataƙila unguwannin da cutar ba ta kai ba tukuna sun tsira. Wannan kalma ta Vom ita ta sa muka shiga tambaya, kuma abin da muka samo shi muka kawo muku.

Vom gari ne kusa da Jos, a jihar Filato. A can ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take, tun 1924, wato ta haura shekara ɗari. Ba kanti ba ne, ba kuma kamfani ba ne mai masu hannun jari da ke jiran rabon riba a ƙarshen shekara. Aikinta ta gano abin da ke kashe dabbobi, ta haɗa allurar rigakafinsa, ta horar da ma'aikata. Tana da 'yan uwa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'i, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri, inda za ka kai akuyarka a duba ta, ɗalibai suna tsaye suna koyo, malamai kuma suna rubuta abin da suka gani. A maƙwabta ma akwai irin waɗannan ɗakunan bincike a Yamai da Garwa da Njamena. Kada wata ta fita ta ce mun ce kyauta ne komai. A'a, ana yankar kati, ana biyan magani, allurar ma sayar da ita ake yi. Bambancin shi ne ba don kuɗin aka kafa wurin ba, shi ya sa suke iya ɓata shekaru a kan cutar da ke kashe dabbar talaka, wadda ɗan kasuwa zai duba ya ga babu abin da zai samu a ciki.

Iyayenmu da ke nan gaba za su tuna da bushiya. Mu yaran yanzu sai dai labari. Cuta ce ta shanu, in ta shiga garke sai ta kwashe kusan duka. Ta shigo nahiyar nan ta gabas wajen ƙarshen shekarun 1880, ta ratsa har ƙasashenmu, ta bar Fulani da sanda kawai a hannu, yunwa ta biyo baya. Saboda ita aka kafa Vom tun farko. Daga baya wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, wanda ya taɓa aiki a Najeriya, ya haɗa allura a wata cibiyar bincike a Kenya. Allura ɗaya tak, saniya ta tsira har ƙarshen ranta. A 1962 aka fara gagarumin zagaye na yi wa shanu allura a ƙasashen tafkin Chadi: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Aka samu sauƙi, sai aka saki jiki, aka daina bibiya. A farkon shekarun 1980 cutar ta dawo ta yi mummunar ɓarna a Arewa. Aka sake ɗaura ɗamara, wannan karon ba a tsaya ba sai da aka ga bayanta. A 2011 aka sanar wa duniya cewa bushiya ta ƙare ƙaf. Cututtuka biyu kacal ɗan Adam ya taɓa kawarwa daga doron ƙasa da yardar Allah: agana a cikin mutane, bushiya a cikin dabbobi. Kuma ga wani abin mamaki da likita ya faɗa mana: bushiya da ƙyandar da ke kama 'ya'yanmu dangin juna ne na kusa.

To suna da wata 'yar uwar, ita kuma tana nan da ranta, a cikin garkunanmu ma take. Ita ce cutar nan ta awaki da tumaki: zazzaɓi, majina, ƙwantsa ta liƙe ido, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari, sai mutuwa, musamman ƙanana. Ma'aikata suna ce mata PPR. A Kwaddibuwa aka fara gane ta a 1942. Ku saurari wannan da kyau. Allurar rigakafin da ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta suke amfani da ita, sunanta Nigeria 75/1. Me ya kawo sunan ƙasarmu? Saboda ƙwayar cutar da aka raunana aka yi allurar da ita, a nan Najeriya aka samo ta a 1975, a jikin dabbar da ta kamu. Wato wani bawan Allah bai jefar da tasa a juji ba, ya bari ma'aikata sun ɗebi abin gwaji. Masana suka yi shekaru suna aiki a kai, yau ga shi allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara uku, kuma duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin lokacin da take son ganin bayan wannan cuta kamar yadda aka ga na bushiya. Ko za a cim ma wa'adin, Allah masani. Amma dai awakin da ake magana a kansu, yawancinsu a hannun mata suke. Mu ne ke nan.

Mu dawo kan kajinmu. Alamomin da muka zayyana, likita ya ce sun fi kama da annobar da ake kira Niyukasul, sunan wani gari a Ingila inda aka ga ɓarkewarta tun shekarun 1920. Samarinmu da ke can baya sun san sunan, amma a wajen ƙwallo. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin kafso ko kaɗan. Duk kafson da muka fasa, asarar kuɗi ce, har ma da illa, don yawan ɗura irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba da su, ranar da ɗanka ya buƙaci maganin a asibiti a ga ba ya ci. Cutar ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Kuma rigakafin ya daɗe da samuwa, sai dai an yi shi ne don manyan gonaki: kwalba ɗaya ta kaji ɗaruruwa ko dubu, kuma dole ta zauna a firji. Mai kaza bakwai a ƙauyen da ba wuta, ina ita ina wannan?

Nan ne aikin masu binciken da ba riba suke nema ba ya fito fili. A wata jami'a a Ostareliya, wani malami mai suna Peter Spradbrow da abokan aikinsa suka zauna musamman don kajin ƙauye. Suka fitar da wani rigakafi mai jure zafi fiye da na da, ana kiransa I-2, kuma aka riƙa ba ƙasashe masu tasowa irinsa kyauta don kowace ta haɗa nata. Vom tana cikin masu haɗa shi. Ba allura ba ce ma, ɗigo ɗaya ne a ido, daga ɗan tsako har zakara, a maimaita duk bayan wata huɗu. Macen da ta iya ɗiga wa jaririnta magani a ido ta iya wannan. Sai dai a kiyaye, jure zafi ba ya nufin a shanya shi a rana. Mun taɓa saye a hannun wani mai talla a kasuwa, kwalaben suna zube a faranti tun safe har la'asar, muka ɗiga, kaji suka mutu, muka ce rigakafi ƙarya ne. Ashe ruwa muka saya. Kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Kafin hunturu ake yi, tun suna lafiya.

Yanzu ga inda maganar ta bar akurki ta shigo ɗaki. Mun ce likita ya ce “sun fi kama”. Bai ce ita ce ba. Mun matsa masa, ya ce ba zai rantse ba, don akwai wata cutar da ido ba ya iya bambanta ta da wannan, sai ɗakin gwaji: murar tsuntsaye. Niyukasul ba ta yi wa mutum wani abin kirki, iyakarta ta sa ido ya yi ja. Murar tsuntsaye kuwa tana kisa. Da yawanmu mun tuna 2006, lokacin da aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, aka yi ta hallaka kaji ana binnewa, ƙwai ya rasa mai saye. A farkon 2007 aka tabbatar ta kashe wata matashiya a Legas. To ku tuna wa ya fige kajin da muka yanka a hunturun nan. Mu da 'ya'yanmu mata, da hannu, a tsakar gida, jariri yana goye. Allah ne ya tsare, ba dabararmu ba.

Masana sun ce a cikin cututtuka goma masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam, wajen shida daga dabbobi suke tasowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma in an duba, wa ke kwana kusa da dabba? Wa ke share turke, wa ke tatsa, wa ke karɓar haihuwar akuya da dare, wa ke gyara kayan ciki ranar Sallah? Maigida ya saya ya ɗaure, sauran aiki namu ne.

Akwai wata ɗabi'a tamu da muke so mu taɓa, kuma muna neman afuwar malamai da iyaye. Dukkanmu mun san mushe haramun ne, ba mai ci. Amma saboda gudun mushen, sai mu yi tseren sa wuƙa kafin rai ya fita, mu ce ai an yanka. Yankan ya halatta naman, amma bai kashe cutar da ke cikinsa ba. Akwai ciwon saifa. Dabba tana kiwo lafiya sai ta faɗi, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma jinin ba ya daskarewa. Irin wannan dabba ko feɗe ta ba a yi. Da zarar an buɗe cikin, ƙwayar ta sha iska, sai ta yi wa kanta sulke ta zauna a cikin ƙasar wurin shekaru aru-aru tana jiran wata dabbar. Mai fiɗa yana iya kamuwa ta fata, mai ci ta ciki, har mai jima da mai sayen ganda ba su tsira ba. Kada ku ce labarin da ne. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ita a wata gona a Suleja, jihar Neja, kuma gwajin da aka yi a Vom ne ya tabbatar. Da ba a kai rahoto ba, da naman ya shiga kasuwa.

Sai haukan kare, wanda shi kam 'ya'yanmu ya fi ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa duk shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma tsakanin cizo da bayyanar alamu akwai dama. Abu na farko, tun kafin a nemi abin hawa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, ana zubawa ana wankewa. Kada a ɗaure, kada a shafa gashin karen ko wani abu. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allura. Shi kuma karen, in na gida ne a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar ma'aikacin dabbobi. In an riga an kashe shi, kada a jefar, a kira ma'aikaci, don a ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa a gane ko yana da cutar. Mun san da yawanmu ba ma ajiye kare, amma na mafarauta da na makiyaya da na maƙwabta duk hanya ɗaya suke bi da yaranmu masu zuwa makarantar allo. An tabbatar in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan yanki allura, cutar tana yankewa. Wato allurar da aka yi wa kare, yaro aka yi wa.

Na madara ba sai mun ja ba: a tafasa kafin a sha ko a ba yaro, ko da daga saniyar gida ce. Tarin fuka na shanu da cutar da ke sa dabba ɓari duk suna bi ta ɗanyar madara. In akuya ta yi ɓari, a sa leda a hannu kafin a taɓa mahaifar, a binne, mai juna biyu kuma ta yi nesa.

Ba za mu ɓoye muku ba, waɗannan wurare ba aljanna ba ne. Suna da nisa da mu. Ma'aikatan dabbobi sun yi kaɗan, wani lokacin mutum ɗaya ne ga gari da ƙauyukansa, babur ɗinsa ma ba mai. Wani lokacin za ka nemi rigakafi a ce sai wani makon. Wannan hakkinmu ne mu riƙa tuna wa shugabanni, kuma tun da wakilin Hakimi yana nan, ranka ya daɗe, saƙo ya isa. Amma akwai rabin aikin da ko an zuba musu kuɗin duniya ba za su iya ba sai da mu. Mai bincike a Vom ko Zariya ba ya ganin cikin akurkinmu. Abin da aka kai masa shi yake gani. In mun jefar, mun yanka, mun yi shiru don kada maƙwabta su ce kajinmu ne suka kawo, to a takardarsa garinmu lafiya lau yake, kuma ba za a turo rigakafi inda aka ce lafiya lau ba.

Saboda haka ga abin da kwamiti yake roƙo. Muna neman izini a cire kuɗi daga ribar bana a sayi kula mai riƙe sanyi guda biyu, a kuma tura mata biyu daga cikinmu wurin likitan dabbobi su koyi ɗiga wa kaji rigakafi da yadda ake ajiye shi. Mata muke so, saboda mace tana shiga kowane gida har ƙuryar ɗaki, namiji kuwa sai ya tsaya a zaure ana kamo masa kaji ɗaya-ɗaya, rabi sun tsere. Kowace mai kaji za ta biya ɗan abin da ba zai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba a kan kowace kaza, don a samu na sayen wani da ɗan ladan masu yi. Rigakafin kuma ta hannun likita za a saya, ba a faranti ba. Za mu yi unguwa ɗaya a rana ɗaya, a tsare kaji tun dare, tun da kwalba in an haɗa ta ba ta jira.

Muna kuma neman a ƙara sharaɗi a takardar rancen kiwo: duk akuya ko tunkiyar da aka saya da kuɗin ƙungiya, a yi mata allurar PPR, kuma a ware ta daga sauran dabbobin gida na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa su, don sau da yawa daga kasuwa ake sayo cutar da kuɗi. Mun san wasu za su ce an ƙara musu wahala. Hajiya Ma'ajiya tana da littafin bara, duk mai so ta je ta duba shafin waɗanda suka kasa biya, ta ga dalilin da aka rubuta a gaban kowane suna.

Na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. In kaji biyu ko uku suka mutu a gidanki a rana ɗaya, ko dabba ta faɗi ba ciwon fari, kada ki yanka, kada ki jefar, kada ki bari yara su taɓa. Kaza ki sa leda a hannu ki ɗaure ta a wata ledar ki ajiye a inuwa. Babbar dabba kuwa ki bar ta inda take, ki kore karnuka. Sai ki aiko wa ɗaya daga cikinmu, mu za mu kira likita, kuma mun yi alkawari ba za a ji sunan gidanki a bakinmu ba.

Hajiya Shugaba, mun gama. Masu son koyon ɗigon ido su ba Sakatariya sunansu kafin a tashi, mun fi son waɗanda ba sa tsoron kamun zakara. Ƙuri'a kuma bayan sallar azahar ce, don haka don Allah kada kowa ta tafi da an raba abinci.